Hatsari ya rutsa da ƙanena a hanyar Maraɗi, a ina za mu nemi haƙƙinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ƙanena yana sarin atamfa da shadda a Kantin Kwari yana kai wa Maraɗi. Wata biyu ke nan, motar hayar da ya shiga, mai lambar Najeriya, ta yi taho-mu-gama da wata babbar motar 'yan Nijar bayan sun wuce Ɗan Isa. Ya karye a cinya. Kwanansa uku a asibitin Maraɗi muka ɗauko shi, yanzu muna ta zirga-zirga a asibitin ƙashi na Dala. Mai motar hayar ya aiko da naira dubu 150 da wata takarda, wai mu sa hannu magana ta wuce. Yaron kuma ba shi da fasfo, da katin ɗan ƙasa kawai ya tsallaka, shi ya sa muke tsoron tayar da zancen. Za mu iya kai ƙara a nan Kano? Daga wani mai karatu a Kurna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce.

Kafin komai, kada ku sa hannu a takardar nan sai lauya ya karanta muku ita. Yawancin irinta suna ɗauke da layi ɗaya da ke cewa an biya ku gaba ɗaya, ba ku da sauran abin nema har abada. Karayar cinya kuwa ba a sanin ƙarshenta a wata biyu. Ana iya sake shiga tiyata, ana iya cire ƙarfe bayan shekara, ƙafar na iya gajarta. Idan kuna buƙatar kuɗin, ku karɓa a matsayin gudummawar magani, a rubuta haka ƙarara a gaban shaidu. Na san nauyin da ake ji idan dattawan unguwa suka shiga tsakani suna cewa ƙaddara ce. Ƙaddara ce, babu musu, amma diyyar rauni haƙƙi ce da Musulunci ya tabbatar, kuma mai raunin ne kaɗai ke da ikon yafewa, ba yayansa ba.

Kotun Kano za ta iya sauraron ƙara a kan mai motar da direbansa idan a nan suke zaune. Sai dai ku dubi inda hujjojin suke: jandarmomin da suka auna wurin, likitan da ya fara duba shi, direban babbar motar da kamfanin inshorarsa, duk suna Nijar, kuma sammacin alƙalin Kano ba ya tsallaka Jibiya. Ko kun yi nasara, mutum ɗaya za ku riƙe, wanda wataƙila motar da ta ragargaje ita ce duk jarinsa. Shawarata ku fara bin inshora a can, ku ajiye kotun gida a matsayin mafita ta biyu.

Nijar na cikin ƙasashen da ke aiki da dokar inshora ta bai-ɗaya da ake kira CIMA, wadda aka ƙulla yarjejeniyarta a Yawunde a 1992. Dokar tana da sauƙi ga fasinja fiye da yadda mutanenmu ke zato. Wanda ba shi ke tuƙi ba, ana biyansa diyyar rauni ba tare da an ɗora masa laifin hatsarin ba, kuma ba sai ya jira an gama gardamar wane direba ne ya shiga hannun wani ba. Kamfanonin ne za su daidaita wannan a tsakaninsu daga baya. Kamfanin inshora ne ke da alhakin gabatar da tayin diyya cikin wa'adin da doka ta yanka, sai in wa'adin ya cika ba a daidaita ba sannan a je gaban alƙali. Lissafin kuma a tsare yake: kuɗin magani, kwanakin da mutum ya yi bai nemi abinci ba, nakasar da likita ya ƙiyasta, da raɗaɗin da ya sha. Ga wanda ba shi da takardar shaidar abin da yake samu, da mafi ƙarancin albashin ƙasar ake auna masa. A nan 'yan kasuwarmu ke faɗuwa. Mai juya miliyoyi a Kwari, in babu takardun haraji da ke nuna abin da yake samu, sai a lissafa shi da ƙaramin lebura. Ku tattaro duk abin da zai nuna cinikinsa tun yanzu. Haƙƙin neman diyyar yana faɗuwa bayan shekara 5 daga ranar hatsarin, amma kada wannan ya sa ku jan ƙafa, don shaidu kan watse tun kafin shekara ta zagayo.

Tunda motar da ya shiga ta Najeriya ce, ku tambayi mai ita katin inshorar ECOWAS, wanda direbobi ke ce wa "birawun kat". An kafa tsarin a Kwatano a 1982 domin irin wannan hali: mota ta yi ɓarna a ƙasar da ba tata ba, ofishin tsarin na ƙasar da abin ya faru ya karɓi ƙorafi, daga baya ya bi kamfanin da ya ba da katin. Daga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta Najeriya, NAICOM, ta haɗa katin cikin inshorar dole ta motoci a Najeriya. Matsalar ita ce takardun bogi da ake sayarwa a bakin ofisoshin lasisi. Ku danna *565*11# a waya, ku sa lambar motar, za ku ga ko inshorar ta gaske ce. Kuma da yake Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairu, 2025, ku sa kamfanin ya amsa muku a rubuce cewa katin ya rufe wannan tafiyar. In ya yi ta ja muku rai, NAICOM na da sashen karɓar koke. In kuwa inshorar ta bogi ce, lauyan can zai nemi kamfanin inshorar babbar motar, ku kuma ku riƙe mai motar a kotun Kano.

Maganar fasfo ba ta kai yadda kuke tsoro ba. Shiga ƙasa ba cikakkun takardu tsakaninsa ne da jami'an shige da fice. Raunin da mota ta ji masa kuma tsakaninsa ne da inshora. Abin da kamfani zai nema shi ne shaidar ko shi wane ne, da shaidar cewa yana cikin motar. Sai dai duk wanda zai koma Maraɗi bin maganar, ya tafi da fasfo da katin rigakafin shawara. Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 bincike ya tsananta a hanyar, ba kamar da ba da mutum kan wuce da gaisuwa kawai.

Takarda mafi muhimmanci ita ce rahoton jandarma na hatsarin. Ku tabbatar sunan ƙanenku yana ciki, kuma an rubuta shi yadda yake a katinsa. Rubutun Faransanci kan mayar da Usman ya koma Ousmane, Shu'aibu ya koma Chaibou, wannan kaɗai ya isa ya tsayar da fayil wata da watanni. Sai takardar likitan Maraɗi ta ranar farko, wadda na tabbata ba ku karɓo ba a cikin ruɗanin ɗauko shi. A koma a nema. Na Dala kuma ku roƙi cikakken rahoto da hotunan ƙashi, a fassara su zuwa Faransanci wurin tafintan da kotu ta amince da shi. Kowane rasiɗi, har na kuɗin motar da ta kawo shi gida, a adana. Ina roƙonku kada ku cire shi daga asibiti ku kai wa mai ɗori a wannan gaɓar, domin inshora ba ta lissafi sai da rahoton likita.

Lauyan Najeriya ba ya tsayawa a kotun Nijar kai tsaye, don haka za ku buƙaci na can, a Maraɗi ko Yamai. Ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke nan Kano zai iya nuna muku yadda ake tantance takardu, ƙanenku kuma ya ba wanda zai je takardar wakilci, tunda shi ba ya iya doguwar tafiya yanzu.