Wa karnuka ke bi a farautar dila bisa dawakai ta Ingila?

Tambaya: Na ga hoton Turawa bisa dawakai da jajayen riguna, ga garken karnuka a gabansu. A wurinmu kowane mafarauci da karensa yake shiga daji. Su can, wa karnukan ke bi? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Malam, mutum ɗaya tak suke saurara, kuma sau da yawa ba shi ne babba a taron ba. Akwai shugaban farauta, mai riƙe da kuɗi da neman izinin manoma kafin a ratsa gonakinsu. Amma karnuka na hannun mai busa ƙaho, wanda galibi ɗan albashi ne, gidansa ma a jikin gidan karnukan yake.

Duk shekara yana tare da su. Shi ke fita da su motsa jiki, ya san sunan kowanne, har muryarsu yana bambantawa. Biyu-biyu ake ƙirga su, shi ya sa za ka ji an ce goma sha biyar da rabi, ana nufin karnuka 31.

Ranar farauta shi ke tura su cikin kurmi su sansano dila, yana yi musu magana da murya da ɗan gajeren ƙaho. A ganina, inda ake gane gwani shi ne lokacin da sawu ya ɓace musu. Mai gaggawa zai janye su nan take. Gwani kuwa zai tsaya cik, ya bar su su lalubo da kansu, sai sun kasa ya zagaya da su inda yake zaton dilan ya bi. Karen da aka saba yi wa aikinsa, zai riƙa kallon mutum ya bar sansanar ƙasa.

Yana da mataimaki ɗaya ko biyu, masu bulala. Su ke dawo da wanda ya bauɗe, su tare garken daga titi da layin dogo da tumakin mutane. Ƙarar bulalar ce ke aiki fiye da dukan. Sauran mahaya 'yan rakiya ne, ba a yarda su sha gaban karnuka ba.

Ana danganta wannan salo da Hugo Meynell, wanda ya karɓi shugabancin ƙungiyar farauta ta Quorn a Ingila a 1753. Sai dai tun Fabrairun 2005 doka ta hana farautar dila da karnuka a Ingila da Wales. Yanzu tsumma mai wari ake ja a ƙasa karnuka su bi, kodayake masu kare haƙƙin dabbobi na zargin wasu da fakewa da hakan suna ci gaba da kashe dila.