An rufe mini asusu saboda bashi, kuma kuɗin adashe na ciki

Tambaya: Na karɓi atamfofi bashi a hannun wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari, ciniki ya tsaya, ya kai ni kotun majistare, aka yanke hukunci in biya. Yanzu banki ya hana ni cirar kuɗi, alhali mafi yawan abin da ke asusun kuɗin adashen matan unguwarmu ne, domin ni ce uwar adashe. Shin za a kwashe har da nasu? Daga wata Hajiya a Gwammaja.

Amsa: Hajiya, da alama mai bin ki bashi ya koma kotu ya nemi a umarci banki ya riƙe kuɗinki, kuma dokar zartar da hukuncin kotu ta Nijeriya ta ba shi wannan dama a sashe na 83. Mataki biyu ake bi. Da farko kotu tana ba da umarnin wucin gadi, wanda da zarar ya isa banki sai a ɗaure kuɗin, kuma dole a miƙa wa banki da ke kanki takardar aƙalla kwana 14 kafin ranar zama. Idan ranar ta zo babu wanda ya kawo hujja, sai a mayar da umarnin na dindindin, banki ya biya mai ƙara adadin hukuncin da kuɗin shari'a. Abin da ya haura wannan adadin naki ne.

Tsakanin matakan nan biyu damarki take. Kotu tana ƙwace kuɗin wanda ake bi ne kawai, ba amanar da aka ba shi ba, amma banki suna yake gani a kan asusu, bai san kason Talatu ko na Binta ba. Dokar ta yarda duk wanda ke da haƙƙi a cikin kuɗin ya bayyana ya faɗi nasa. Saboda haka ki karɓo bayanan asusunki na watannin da adashen ke gudana, ki ɗauko littafin zubi mai sunaye da ranaku da jerin masu ɗauka, sannan lauya ya shirya takardar rantsuwa, wasu daga cikin matan su zo da kansu. Zubin da aka turo ta waya ya fi sauƙin tabbatarwa, tun da sunan mai turowa yana fitowa. Wanda aka ba ki a hannu kika kai wa mai POS, littafin ne kaɗai shaidarsa.

Kada ki dogara da cewa wani kuɗi yana da kariya saboda sunansa. Dokar fansho ta 2014 ta kare kuɗin da ke hannun masu ajiyar fansho, amma albashi ko ribar kasuwa da suka riga suka shiga asusunki ana iya taɓa su. Ɗaukaka ƙara ma ba ta dakatar da zartar da hukunci, sai an nemi hakan daban kotu ta amince.

A ganina, tun da ba ki musanta bashin ba, ki nemi dattawan kasuwa su shiga tsakani a tsara biya kaɗan-kaɗan, a rubuta a kai wa alƙali. Zubin wata mai zuwa kuma kada ya shiga wannan asusun. Ku buɗe na ƙungiya da sa hannun mutum biyu.