Tambaya da Amsa: "Middle Ages" da "Medieval"

Tambaya: Malam, a littafinmu na tarihi na ga "Middle Ages", wani wurin kuma "medieval". Zamani biyu ne?
Daga wata ɗaliba

Amsa: 'Yata, zamani ɗaya ne. "Middle Ages" suna ne, "medieval" kuwa siffa ce mai tushe daga Latin. Ana nufin tarihin Turai tun faɗuwar daular Rum ta Yamma a 476 har wajen 1500. Wasu masana kan tsaya a 1453, shekarar da Usmaniyawan Turkiyya suka ci birnin Kustantaniya, wato Istanbul ta yau.

Za ki kuma ji ana cewa "Dark Ages", wato zamanin duhu, musamman ga ƙarnonin farko. Masu yaɓa wa zangon gaba ɗaya wannan laƙabi, ni dai ban yarda da su ba. Ai a cikinsa aka kafa jami'o'in Bolonya a Italiya da Oksfod a Ingila.