Shin na'urorin intanet marasa lasisi za su ɓata hoton talabijin?

Ka tambaya ko barin na'urorin intanet marasa lasisi su hau zangunan talabijin da babu kowa a kansu zai ɓata hoto. Damuwarka tana da tushe, domin gidajen talabijin da masu makirufo maras waya sun yi wannan ƙorafi kafin hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta amince da tsarin a watan Nuwamba na 2008. Sai dai na'urar ba ta watsa komai sai ta sanar da rumbun bayanai inda take, a ba ta zangunan da ke sarari a wurin. Ina goyon bayan tsarin, saboda waɗannan zanguna suna ratsa bango da bishiyoyi, su kai nisan da Wi-Fi ba ya kaiwa, kuma mutanen karkara sun daɗe suna buƙatar haka.