Yarana na karatu a gida, ina za su sami abokai?

Tambaya: Mu 'yan Katolika ne a wani ƙauye a yankin Kachia. Makaranta ta yi nisa, hanya kuma ba tsaro, shi ya sa nake koyar da yarana uku a gida. Ƙaramin ya fara ɓuya idan ya ga baƙo. Yaya zan yi?

Amsa: Mama, ki fara da katekis ɗinku, wato mai koyar da addini a cocinku, domin ko Fada, limamin cocin, bai zuwa sai sau ɗaya a wata, katekis ɗin ya san kowane gida. Ya haɗa ki da iyalai huɗu ko biyar, ku riƙa tara yaran sau biyu a mako, awa biyu, gida-gida bi da bi. Rabin awa na katekisim, wato darasin addini, sauran lokacin ƙwallo, langa da waƙa. Wasan ne ke ƙulla abota, kada a cinye shi da wa'azi. Manya biyu su zauna tare da su, a tashi kafin rana ta faɗi.

Irin wannan taro yakan mutu idan an ɗora wa mace ɗaya duk ɗawainiyar, ko damina ta zo noma ya kwashe kowa. Ku rubuta ranar kowane gida, da damina ku koma Lahadi bayan addu'a.

Manyan yaranki su shiga mawaƙan coci ko masu hidimar bagade. Rosarin unguwa, wato addu'ar carbi, na watan Mayu da Oktoba ma dama ce. Ƙaramin kada a tilasta masa. Ki gayyato yaro ɗaya sa'ansa, ko ɗan maƙwabta Musulmi, su yi wasa a tsakar gida har ya saki jiki.