Waya ba ta murɗe DNA: amsoshin wannan mako

Daga unguwar Bagalam: Malam, an turo mini saƙon murya a WhatsApp, wai kwana da waya ƙarƙashin matashi yana murɗe DNA har ya jawo ciwon daji. Gaskiya ne?

Ɗan'uwa, da wayar da kake tsoro ka rubuto mini! DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado cikin ƙwayoyin halittar jiki, dama a murɗe take, kamar igiya biyu da aka tufka, tun 1953 masana kimiyya Watson da Crick suka bayyana haka. Siginar waya ba ta da ƙarfin tsinka ta.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne an bar jaki ana dukan taiki. Akwai ƙwayoyin bairas da ke jawo ciwon daji, kuma DNA ɗinsu na ɗaukar siffofi na ban mamaki. Bairas ɗin ciwon hanta nau'in B, in ya shiga hanta, sai DNA ɗinsa ta rufe kanta ta zama zobe, ta lafe cikin ƙwayar halitta. Shi ya sa magani ke danne cutar amma da wuya ya tumɓuke ta. A bairas ɗin Epstein-Barr, wanda aka gano a 1964 cikin ciwon dajin yaran Afirka, DNA na naɗewa ta yi ƙulli mai kusurwa huɗu da ake kira G4, a wuraren da harafin G, ɗaya daga haruffa huɗu da ake rubuta DNA da su, ya yi yawa. Haka ma a bairas ɗin HPV, wanda nau'insa na 16 da 18 ke haddasa kusan kashi 70 cikin ɗari na sankarar bakin mahaifa. Masana na neman maganin da zai kama ƙullin ya hana ƙwayar hayayyafa. Ciwon hanta B da HPV suna da rigakafi. Wannan za ka tura wa dangi, ka goge wancan. Kuma ka kashe saukar da saƙo kai tsaye, na sha faɗa.

Ɗaliba daga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo: Tsohuwar kwamfutata za ta iya binciken G4 a DNA ta HPV?

Ƙwarai, ɗiyata. Haruffan HPV wajen 8,000 ne kawai, ko hoto ɗaya ya fi su nauyi. Sauke su daga GenBank, rumbun bayanan DNA na intanet, ki liƙa a G4Hunter, manhajar da ke neman G4. Ki riƙa ajiye kwafi a filas.

Daga Tibiri: Wayata ta cika.

Bidiyon biki ne, Alhaji. Goge su.