Zuwa wurin mai sasanta ma'aurata tonon asiri ne?

'Yar'uwa, kin ce ke da maigidanki kuna yin gaba ta kwana da kwanaki, kuma kina tsoron kada neman shawara ya zama tona asirin gida. Ko kusa. Suratun Nisa'i, aya ta 35, ta ce idan ana tsoron ɓaraka a ɗauko mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginki. Ki fara da nan, amma a zaɓi mai riƙe sirri, ba wadda za ta kai labarin gidan biki ba.

Ƙwararren mai ba ma'aurata shawara kuwa ba alƙali ba ne, ba ya neman mai laifi. Zai zaunar da ku, ɗaya ya yi magana, ɗayan ya maimaita abin da ya ji kafin ya mayar da martani. A nan miji kan gane cewa "kullum sai dare kake dawowa" tana nufin ana kewarsa. John Gottman, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya gano halaye huɗu masu rusa aure: yawan suka, raini, kare kai, da ƙauracewa da shiru. Raini ne mafi muni. Gabarku ita ce ta huɗu, kuma tana gyaruwa.

Amma in har yana dukanki, ki sanar da waliyyinki tun kafin a yi zancen sulhu. In damuwa ta hana ki barci, akwai likitocin ƙwaƙwalwa a nan Sakkwato, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da kuma asibitin Kware.